Mata Biyar da Maza Sha Huɗu: Abin da Ya Faru a Masana'antar Hawthorne



Duk wanda ya taɓa zama a ajin koyon sha'anin mulki da gudanarwa, difloma ce ko digiri, ya ji sunan Hawthorne. Mu dai a layi uku aka ba mu shi, muka haddace saboda jarrabawa: wai wasu masana a Amurka sun ƙara hasken lantarki a wata masana'anta sai aiki ya ƙaru, suka rage hasken aiki ya sake ƙaruwa, sai suka gane ashe kulawar da aka nuna wa ma'aikata ce ta sa suka ƙara himma. Daga nan malami ya rufe da cewa shugaba nagari shi ne mai jan na ƙasa da shi a jiki. Na amsa tambayar, na ci makina, na wuce. Sai bayan shekaru, da aikin rubuta bayanin taro ya sa na fara lura da yadda mutane ke yi a gaban shugaba da yadda suke yi in ya juya baya, na koma na nemi labarin daga tushe. Abin da na tarar ya fi layi ukun nan tsawo, kuma bai kai su daɗin ji ba.

Kafin Hawthorne, wanda ake ji da shi a harkar tafiyar da ma'aikata shi ne Frederick Taylor, wani injiniya ɗan Amurka da ya fitar da littafinsa a 1911. Ra'ayinsa ba shi da wuyar ganewa. Kowane aiki yana da hanya guda da ta fi sauri. Manaja ya tsaya da agogo a hannu ya auna kowane motsi, ya gano hanyar, ya koya wa lebura, sannan ya biya shi gwargwadon abin da ya yi. Tunani na manaja, ƙarfi na lebura. Misalin da ya fi shahara da shi na masu lodin curin ƙarfe ne a kamfanin Bethlehem Steel, inda ya ce mutumin da ke loda tan 12 da rabi a rana ya koma loda tan 47, ladansa kuma ya tashi daga dala 1.15 zuwa dala 1.85. A duba lissafin da kyau: aiki ya ninka kusan sau huɗu, kuɗi ya ƙaru da kashi 60 cikin ɗari kacal. Ba mamaki 'yan ƙwadago suka tsani tsarin, har wani kwamitin majalisar wakilan Amurka ya kira shi ya yi bayani a 1912. Waɗanda suka fara binciken Hawthorne da irin wannan ido suka shiga. Tambayarsu ita ce, me za a gyara a wurin aiki ma'aikaci ya ƙara fitar da kaya?

Masana'antar tana garin Cicero, a gefen birnin Shikago, jihar Illinois. Ta kamfanin Western Electric ce, mai ƙera wa kamfanin tarho na Bell kayan aikinsa, tun daga kan tarho har na'urorin da ke haɗa kira. An buɗe ta a 1905, zuwa 1929 ma'aikatanta sun haura 40,000. Gari ce guda, da asibitinta da 'yan kwana-kwananta da layin dogonta, har da makarantar dare. Mafi yawan ma'aikatan baƙi ne ko 'ya'yan baƙi, irin mutanen Polan da Italiya da Jamus waɗanda iyayensu suka tsallaka teku neman abinci. A riƙe wannan, domin zai yi amfani a gaba: mutanen da aka yi gwajin a kansu ba masu zaɓi da yawa ba ne.

Gwajin haske ya fara a watan Nuwamba 1924, ya kai 1927. Majalisar bincike ta ƙasar Amurka ce ta jagorance shi, amma kamfanonin lantarki na bayansa, kuma Thomas Edison ne shugaban kwamitin na girmamawa. Abin da suke so a fili yake: a samu hujjar cewa ƙarin ƙwan lantarki yana ƙara aiki, masu masana'antu su ƙara sayen wuta. Sakamakon bai ba su abin da suke so ba. An raba ma'aikata gida biyu, ana canza wa ɗaya haske, ɗayan an bar shi yadda yake don kwatanci, sai aiki ya ƙaru a duka biyun. Akwai ma labarin wasu mata biyu da aka yi ta rage musu haske har ya koma kamar farin wata, suka ci gaba da aikinsu. Ba a taɓa buga cikakken rahoton wannan gwaji ba, kuma shekaru da yawa an ɗauka takardunsa sun ɓata. Ke nan labarin da ya fi yawo a ajujuwa shi ne wanda masu ba da shi ba su ga alƙalumansa ba. Zan dawo kansa.

A watan Afrilu 1927 wani jami'in kamfanin, George Pennock, ya shirya wani gwajin. Aka ware mata biyar daga babban sashen da ake haɗa rile, wata 'yar na'ura ce da ke haɗa layi da layi a ofishin tarho, mai ƙananan sassa wajen 35, wadda gwana ke haɗawa cikin kimanin minti ɗaya. Aka ƙara ta shida mai jera musu kayan aiki. Yawancinsu 'yan shekara ashirin ne ko ƙasa da haka. Aka sa su a ɗaki na daban, kowacce da wata kafa a gaban teburinta inda take jefa abin da ta gama, na'ura na huda takarda tana ƙirgawa. Wani mutum, Homer Hibarger, yana zaune a ɗakin yana rubuta komai: zafin ɗaki, awa nawa suka ce sun yi barci, me suka ci, me suke hira a kai. Duk mako shida a kai su asibiti a duba su.

Sai aka shiga canje-canje. Hutun minti biyar sau biyu a rana, sannan minti goma, sannan minti biyar sau shida (wannan matan sun ce yana katse musu hannu), sannan hutun safe na minti 15 da ɗan abin taɓawa daga kamfani. Aka gwada tashi ƙarfe huɗu da rabi, aka gwada ƙarfe huɗu, aka gwada hutun Asabar gaba ɗaya. Kusan duk abin da aka taɓa, aiki sai ya hau. A ƙarshen 1928 aka janye komai na tsawon mako 12, babu hutu babu abinci, aka koma awa 48 a mako kamar da. Kowa na jiran aiki ya faɗi, sai ga shi abin da suka haɗa a mako ya zarce na kowane lokaci a baya. Mace ɗaya da ke haɗa kimanin 2,400 a mako da farko ta kai wajen 3,000.

A nan Elton Mayo ya shigo. Ɗan Ostareliya ne, malami a makarantar koyon kasuwanci ta jami'ar Harvard, kuma bai taka masana'antar ba sai a 1928, bayan gwajin ya yi shekara guda. Shi bai tsara gwajin ba, bai kuma zauna a ɗakin ba, amma shi ne ya ba wa alƙaluman ma'ana, kuma bakinsa duniya ta ji. Fassararsa ita ce matan sun zama ƙungiya mai jin daɗin juna. An cire musu foman mai tsawa, ana shawara da su kafin a canza wani abu, ana barinsu su yi hira, manya na zuwa kallonsu. Sun ji an ɗauke su mutane, sai suka saki jiki suka ba da aiki. Ya rubuta haka a littafinsa na 1933, kuma daga nan ne makarantar da ake kira ta kyautata hulɗa da ma'aikata ta samo tushe.

Akwai gaskiya a ciki. Amma akwai abubuwa biyu da ke cikin rahoton tun asali, waɗanda masu taƙaita labarin kan tsallake.

Na farko kuɗi. Tun a watannin farko, kafin a fara maganar hutu, aka canza yadda ake biyan matan. A babban sashe ana haɗa aikin mutum wajen ɗari ne a raba, don haka ko ka kashe kanka da aiki ba za ka ga bambanci a aljihunka ba. A ɗakin gwaji kuwa aikin su biyar kaɗai ake haɗawa. Duk rile ɗin da ta ƙara, za ta gan shi ranar biya. Masu binciken sun so su tabbatar ko wannan ne sirrin, sai suka ɗauki wasu mata biyar, suka bar su a babban sashe ƙarƙashin foman ɗinsu na kullum, ba ɗaki na musamman, ba hira da manya, tsarin biyan kawai aka canza musu. Aikinsu ya tashi da kusan kashi 13 cikin ɗari nan take. Mako tara aka yi aka dakatar, saboda sauran ma'aikata sun fara guna-guni su ma a ba su. Da aka mayar da su tsohon tsari, aikin ya zube. Da wannan a hannu, masu rubuta rahoton suka ƙare da cewa ba za a iya jingina abin ga kuɗi shi kaɗai ba. To, shi kaɗai ɗin ne ba a iya cewa, amma a layi ukun da aka ba mu ko ambaton kuɗi babu.

Na biyu ya fi nauyi. A watan Janairu 1928, biyu daga cikin matan biyar aka fitar da su daga ɗakin aka mayar da su babban sashe. Laifinsu yawan surutu da rashin ba da haɗin kai. Ku tuna an ce musu su yi aiki yadda ransu ya so, kuma barinsu su yi hira yana cikin abin da aka yi ta yabon ɗakin da shi. Da hirar ta fara rage aiki sai aka ja musu kunne, da suka ƙi ji aka sauya su. Ɗaya daga cikin waɗanda aka kawo, 'yar asalin Italiya, ita ce ta fi kowa sauri har aka gama gwajin. Mahaifiyarta ta rasu ba da daɗewa da zuwanta ba, nauyin gida ya dawo kanta. Tunda kuɗinta ya rataya a kan aikin sauran huɗun, sai ta zama ita ke tsawata musu in sun yi sanyi. Babu wanda ya naɗa ta, amma ita ce shugabar ɗakin. Shi kuwa Mayo, da ya ga takardar asibitin ɗaya daga cikin waɗanda aka fitar tana nuna ƙarancin jini, sai ya danganta taurin kanta da ciwon. Wannan halinsa ne tun yana Ostareliya: in ma'aikaci ya yi bore, sai ya nemi cutar a jikin ma'aikacin ko a ƙwaƙwalwarsa.

Yanzu a auna. Mutum biyar ne kaɗai a gwajin. An cire biyu da suka fi jan ƙafa, an kawo biyu masu sauri, ukun da suka rage kuma sun ga abin da ya sami 'yan uwansu. Ko a gasar ƙwallon unguwa, in ka sauya kashi biyu cikin biyar na 'yan wasanka ana tsakiyar wasa, ba ka isa ka ce daɗin bakin koci ne ya kawo nasara ba.

Tsakanin 1928 da 1930 kamfanin ya yi wani abu da ni nake ganin ya cancanci yabo ko da wace niyya aka yi shi. An zauna da ma'aikata sama da 21,000, ɗaya bayan ɗaya, aka saurare su. Da farko tambayoyi aka shirya, kana son foman ɗinka ko ba ka so, amma sai aka ga mutum na barin tambayar ya kama abin da ke cin ransa. Sai aka bar tambayoyin, aka koya wa masu ganawar su yi shiru su ji, kada su katse, kada su yi gardama, kada su ba da shawara. Ganawar da ake yi cikin rabin awa ta koma awa ɗaya da rabi. A cikin wannan sauraro ne aka fara jin ƙishin-ƙishin cewa a wasu sassa ma'aikata na haɗa baki su tsayar da iyakar aikin da za a yi a rana. Shi ya haifi gwaji na ƙarshe, wanda a wurina ya fi sauran duka daraja.

Daga Nuwamba 1931 zuwa Mayu 1932 aka ware maza 14 a wani ɗaki: tara masu ɗaura wayoyi a jikin allunan haɗa kira, uku masu like su da dalma, biyu masu duba aiki. Wannan karon ba a canza musu komai ba. Tsarin biya yadda yake, shugabanninsu yadda suke. Mutum ɗaya aka zaunar a gefe da tebur, ba shi da ikon ba da umarni, aikinsa kallo da rubutu. Shawarar yin haka ta samu hannun Lloyd Warner, masanin al'adun al'umma wanda ya yi zama cikin 'yan asalin arewacin Ostareliya yana nazarin rayuwarsu, ya ce a kalli ɗakin kamar yadda ake kallon ƙauye. An ɗauki makonni kafin mazan su saba da baƙon su koma halinsu na kullum.

Su ma biyan nasu ya danganta da yawan aikin rukuni, don haka bisa lissafin Taylor kamata ya yi kowa ya zage. Ba haka aka gani ba. Mazan suna da nasu ma'aunin aikin yini, allo biyu, wato ɗaurin waya 6,000 zuwa 6,600, alhali abin da kamfani ya sa a gaba ya haura 7,000. Masu sauri kan gama nasu da wuri su kama jan ƙafa har a tashi. Wanda ya yi da yawa yau sai ya ɓoye wani abu ya rubuta shi gobe, don takardarsa ta riƙa tafiya daidai, kada ta hau kada ta sauka. An gwada basirarsu da saurin hannunsu, aka ga sakamakon bai yi daidai da yawan aikin kowa ba. Abin da ke tsayar da aikin mutum shi ne matsayinsa a cikin 'yan uwansa.

Dokokinsu ba a rubuce suke ba, amma kowa ya san su. Kada ka wuce ma'auni, kada kuma ka gaza ka bar wasu su ɗauke maka. Kada ka kai ƙarar ɗan uwa wurin manya. In an ba ka ɗan muƙami kada ka ɗaga kai. Wanda ya karya, akwai sunayen tsiya da za a liƙa masa, akwai kuma wani naushi da suke yi wa juna a dantse, rabi wasa rabi gargaɗi. Ɗakin ya rabu gida biyu, 'yan gaba da 'yan baya, kowane da irin cacarsa da hirarsa, 'yan gaba na ganin sun fi aji. Har rigimar buɗe taga ko rufe ta tana bin wannan rabuwar. Suna musayar aiki tsakanin mai waya da mai dalma, abin da kamfani ya hana. Ɗan ƙaramin shugaban da ke tare da su kullum ya san duk wannan, yana kuma sa hannu a takardun da ya san an gyara, don ya gane in ya matsa ba zai iya zama da su ba. In babban foman ya leƙo, ɗaki ya yi tsit, kowa ya duƙufa. Ɗaya daga cikin masu duba aiki da ya ƙi bin wannan tsari ya kai ƙara sama, sai suka sa shi a gaba har aka canza masa wuri.

Duk wanda ya taɓa riƙe wani abu a ƙungiya, ta kasuwa ce ko ta tasha ko ta unguwa, ya san wannan ɗakin. Taro biyu ake yi, wanda sakatare ke rubutawa da wanda ake yi a bakin ƙofa bayan an tashi, kuma sau da yawa na biyun ne ke yanke abin da zai faru.

Da aka tambayi mazan dalili, suka ce in suka nuna za su iya fiye da haka za a ɗaga musu ma'auni, ko a rage farashin aikin, ko a sallami wasu. Masu rahoton suka ce babu wanda hakan ta taɓa faruwa da shi a cikinsu, don haka suka ɗauki maganar a matsayin jin zuciya, ba lissafi ba. A nan ne na rabu da su. Kasuwar hannun jari ta New York ta faɗi a Oktoba 1929, tattalin arzikin Amurka ya karye, mutane sun daina sa tarho, Hawthorne na sallamar ma'aikata dubu-dubu. Mutumin da ke ganin benci na zama wayam a gefensa, in ya ce bari mu ja aikin nan ya kai mu gobe, wa zai ce bai iya lissafi ba? Ruwa ba ya tsami banza. Gwajin kansa rashin aiki ne ya tsayar da shi.

Babban littafin binciken, Management and the Worker, ya fito a 1939, na Fritz Roethlisberger, almajirin Mayo, da William Dickson, ma'aikacin kamfanin. Ya haura shafi 600, kuma albarkacinsa, kusan duk abin da masu suka suka yi amfani da shi daga baya a cikinsa suka samo. Abin da kamfanin ya ɗauka daga binciken shi ne sauraro. Daga 1936 aka zuba masu ba da shawara a sassa, ma'aikaci ya je ya amayar da abin da ke ransa, tsarin da ya yi kusan shekara ashirin. Sai dai mai sauraron ba shi da ikon gyara albashi ko canza foman. Masu suka suka ce wannan ilimin kiwon shanu ne, a lallashi saniya don ta ƙara nono.

A shekarun 1950 aka fara kiran abin da sunan tasirin Hawthorne, wato mutum kan canza hali in ya san ana kallonsa. Sunan na kafuwa, masu tono na fitowa. A 1967 Alex Carey ya bi rahoton daki-daki ya nuna cewa hujjojin da ke ciki sun fi karkata ga kuɗi da horo fiye da kyakkyawar mu'amala. A 1974 wani masani, Parsons, ya jawo hankali ga abin da ba a kula da shi ba: matan na iya sanin adadin da suka yi a kai a kai, ga kuɗi na bin adadin, wannan kaɗai ya isa ya koya wa hannu sauri. A 1978 Franke da Kaul suka sake lissafa alƙaluman, suka ce sauya matan nan biyu, da tsoron rasa aiki, da lokacin hutu, su ne suka fi bayyana hauhawar.

Gwajin haske kuwa sai bayan shekaru masu yawa aka ji ƙarshensa. Masana tattalin arziki biyu na jami'ar Shikago, Steven Levitt da John List, suka gano takardun da aka ce sun ɓata a ajiye a ɗakunan karatu biyu, suka buga abin da suka samu a 2011. Ashe ranar Lahadi ake canza fitilun, lokacin da masana'anta ke rufe. Ranar Litinin sai a ga aiki ya fi na Asabar, a ce ga tasirin canji. Da suka duba makonnin da ba a taɓa ko ƙwai ɗaya ba, sai suka ga nan ma aikin Litinin ya fi na Asabar. A matsayina na mai ajiye takardu, wannan ɓangaren ya fi burge ni: wani ya adana fayil ɗin da ba a buga ba fiye da shekara tamanin, har aka zo aka gyara kuskure da shi.

Kada a fahimce ni cewa an yi aikin banza. Daga Hawthorne ne nazarin halayyar mutane a wurin aiki ya zama fanni mai zaman kansa, kuma binciken shugabanci ya bar tambayar wane hali aka haifi shugaba da shi ya koma tambayar me yake yi. A jami'ar jihar Ohio, daga ƙarshen shekarun 1940, aka tattara halayen shugabanni aka ga sun kasu gida biyu, kula da mutane da tsara aiki, kuma mutum na iya haɗa su ko ya rasa duka. Wani nazari na 2004 da ya haɗa sakamakon bincike masu yawa ya nuna kowanne na da amfaninsa: kula da mutane ya fi alaƙa da gamsuwar mabiya, tsara aiki ya ɗan fi alaƙa da yawan abin da rukuni ya cim ma. Zancen nan kuwa na cewa ma'aikaci mai farin ciki dole ya fi aiki, tun 1955 Brayfield da Crockett suka duba binciken da ake da shi suka ce alaƙar ba ta da ƙarfin da ake zato.

Su matan ɗakin gwajin sun yi shekara biyar ana ƙirga musu kowane rile. A 1932 sallama ta iso kansu su ma, domin kamfanin na bin daɗewa a aiki ne, su kuma ba su daɗe kamar wasu ba. Gwanintar da ta sa sunan masana'antar ya shiga littattafan duniya ba ta hana ba, har ita mai saurin da ke riƙe da gidansu. Masana'antar kanta an rufe ta a shekarun 1980. Yau kantunan sayayya ne a filin, sai wata doguwar hasumiya da aka bari a tsaye.